A Wasan Na Riƙe Hannunsa, A Gida Ko Juyowa Ban Yi Ba

Salamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina na rasa wanda zan gaya wa. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun, inda na karkace ki miƙe mini. Na ɓoye sunana, na kuma canja wasu 'yan abubuwa don kada a gane ni, ko da yake mutanen da nake jin nauyinsu ba masu karanta jarida ba ne. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan takarda, in yi layi biyu in ajiye.

Mijina ya rasu shekara ɗaya da wata bakwai da suka wuce. Shekara ashirin da shida muka yi tare. A wata masana'antar roba yake aiki, inda ake yin bokitai da kujeru da robobin wanka. Abokan aikinsa Rediyo suke ce masa, saboda bakinsa ba ya hutawa. Da ya buɗe ido zai fara: mafarkin da ya yi, wanda ya taka masa ƙafa a mota, kazar maƙwabta da ta raina shi. In ya rasa wanda zai yi wa magana, sai ya yi wa takalminsa. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, yawanci gyara, rage wando, canja zif, facin aljihu. Kekena yana jikin taga, in na zauna bayana ne ke kallon ƙofa. Haka muka rayu, shi yana zuba, ni ina taka keke ina cewa uhm. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ta yi aure tana wani gari mai nisa.

Yana da ciwon asma tun yana saurayi, kuma warin robar da ake narkawa ba ya yi masa da daɗi. A wurin aikin nasu akwai wata doka. Da zarar an shiga da safe sai a datse babbar ƙofa da kwaɗo, ba mai fita sai an tashi, wai don kada a riƙa zare kaya ana miƙa wa na waje. Makullin yana aljihun mutum ɗaya, mai kula da ma'aikatan. Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ƙirjinsa ya riƙe. Ya shaƙi maganinsa, bai yi ba. Abokansa suka ciccibo shi zuwa bakin ƙofa, aka nemi mai makulli aka ce ya bi motar kaya ya fita. Suka buga masa waya bai ɗauka ba. Suka doki ƙofa, suka yi ihu, wani ya ruga neman guduma. Anti, akwai asibiti a ƙarshen layin nan, ana hango rufinsa ta saman katanga. Kafin su karya kwaɗon ya cika a kan siminti, kansa a cinyar abokinsa.

Da masu gaisuwa suka watse, 'yata ta koma ɗakinta, sai na san abin da ake kira shiru. Ni da nake ce masa ya cika mini kunne, sai ga ni ina tsayar da keke ina saurare. Nakan dafa abinci in zuba a kwano biyu, sai na ɗauko cokali in tuna. Akwai ranar da na lissafa, tun safe har rana ta faɗi maganar da ta fita bakina ita ce ta wata mata da ta kawo siket, na ce mata ta dawo jibi. Shi ke nan.

Wata biyar bayan rasuwar, abokin nan nasa da ya cika a cinyarsa ya yi mini sallama da wasu matasa su shida. Ya ce 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne, suna zagawa tashoshin mota da bakin kasuwa da ƙofar masana'antu suna nuna wa mutane haƙƙinsu. Shugabarsu mace ce, koyarwa take yi, Malama suke ce mata. Ta ce sun ji abin da ya faru, suna so su mai da shi wasa don kada a sake kulle wani a ciki, amma ba za su taɓa ba sai na yarda. Suka zazzauna a ƙasa, na ba su ruwa. Suka ce in ba su labarinsa. Ni da na kusa manta muryata, sai da na yi awa uku ina magana. Na kwaikwayi yadda yake faɗa da takalmi suka yi ta dariya, ni ma na yi, karo na farko tun da ya tafi.

Can sai Malama ta tambaye ni yadda muka rabu da safen ranar. Na ce mata na riƙe hannunsa na roƙe shi kada ya je, ya ƙi. Wallahi ban shirya ƙaryar nan ba, bakina ne ya riga ni. Na ga ta rubuta a littafinta, na ga idon wata yarinya a cikinsu ya kawo ruwa, sai na kasa janyewa.

Ga gaskiyar, ke ce ta farko da zan gaya wa. Sau biyu ana ja masa kunne a wurin aiki kan fashin zuwa da ciwon ke sa shi, an ce in ya ƙara sallamarsa za a yi. Da safen nan ya tsaya a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, anya ba zai zauna ba yau. Ni kuma ina kan wata riga da mai ita za ta zo karɓa kafin azahar, fil uku a bakina, raina a ɓace. Na cire fil ɗin na ce masa kullum ƙirji kullum ƙirji, ya wuce ya tafi kafin su kore shi ya dawo ya zauna mini a ka yana cika mini kunne. Ban juyo ba. Na ji ya yi dariya, ya ce to shi ke nan, an kashe rediyo. Na ji ya sa ɗaya takalmin, na ji ƙofa. Ko Allah ya kiyaye hanya ban ce masa ba.

Sun yi wasan. Kayansu ba yawa, tabarma ɗaya, benci, da wata ƙofar katako da suke ɗaurawa a saman mota. Ita ce ƙofar gidanmu a farko, in an juya ta ta zama ƙofar masana'anta. Wani dogon saurayi ne ke fitowa a mijina, abokinsa ya koya masa tafiyarsa, har yadda yake karkata kafaɗa. Wadda ke fitowa a matsayina yarinyar nan ce mai saurin hawaye, Tsuntsuwa suke ce mata saboda siririyar muryarta. Ta yi ta zuwa gidana tana koyon yadda nake taka keke da yadda nake yanke zare da haƙori. Mama take ce mini. In ta zo takan wanke mini kwanuka ko ban ce ba, ta tsokane ni wai tun da ta fara zama ni bayanta ke ciwo. A cikin wasan takan tashi daga kan keke, ta riƙe wuyan hannunsa da hannu biyu, ta ce kada ka tafi yau.

Yadda suke wasansu ba irin wanda na sani ba ne. Sau biyu suke yi. Na farko su yi shi har ƙarshe, har ya mutu a bakin ƙofa. Daga nan Malama ta fito tsakiya ta ce za a sake daga farko, duk wanda ya ga wurin da za a iya ceton mutumin nan ya ce a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin wanda yake so a cikin 'yan wasa, ya nuna abin da shi zai yi. Ta ce haka ake koyon tsayawa kan haƙƙi, a gwada a wasa kafin ranar gaske ta zo.

Sau sha ɗaya na je kallo, kullum a baya nake zama. Kuma kusan kullum, wurin da ake fara cewa a tsaya shi ne ƙofar gidana. Sai wata mata ta fito ta ture Tsuntsuwa ta zama ni. Wata ta ɓoye takalminsa a cikin zani. Wata ƙatuwar mata mai sayar da lemo ta zauna daram a bakin ƙofa ta ce in ya isa ya tsallake ta. Wata ta kulle ƙofar ta jefa makullin a rigarta ta ce ya zo ya ɗauka. Mutane su yi ta dariya suna tafi, dogon saurayin nan ya cire takalmi ya koma ya zauna, ya rayu. Ni ina zaune a baya ina kallon matan da ban sani ba suna ceton mijina, ɗaya bayan ɗaya, cikin sauƙi. Kuma wannan fa matar da ta roƙe shi ke nan suke gani ba ta yi ƙoƙari ba. To ina ga wadda ta kore shi?

Kafin a iso ƙofar masana'antar a zagaye na biyu, rana ta yi zafi, mutane sun fara watsewa. Maza ba su cika shiga nan ba, ina jin tsoro suke kada wani ya gan su ya kai su gaba. Sau uku kawai na ga an tsayar da wasan a wurin kwaɗon.

Ba zan ce wasan bai yi amfani ba. Abokin mijina ya gaya mini a wata masana'anta kusa da tasu yanzu an rataye makulli a ƙusa jikin ƙofa, kowa na ganinsa. Ya ce ma'aikatan ne suka haɗu suka nema bayan sun kalli wasan. Da na ji na shiga ɗaki na yi kuka, na ce ko ba komai Rediyo ya yi magana an ji. Amma mata sukan gane ni su zo su riƙe hannuna. Wata tsohuwa ta ce mini kin yi naki baiwar Allah, shi ne bai ji ba. Kin ji, Anti, har laifin ƙin ji na ɗora masa, mutumin da ya ji maganata ya tafi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Nan da sati uku za a yi babban taro a wani ɗakin taro, an gayyaci masu masana'antu da jami'an da ke kula da harkar ma'aikata. Malama tana so bayan an gama wasa in hau in faɗi labarin da bakina. Akwai kuma wani lauya da ya ɗauki maganar mijina don Allah, shi ma ya ce in ba shi bayanin ranar tun daga safe, a rubuta in sa hannu. Ƙaryar da na yi a zaune a ɗakina daban, amma in tsaya gaban jama'a in maimaita, ko in sa hannu a kanta, wannan ba zan iya ba. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron masu masana'antar su ce ai da ciwonsa ya zo, matarsa ce ta tura shi, ba ruwansu. Wahalar yaran nan ta tashi a banza ke nan. Ina tsoron yayarsa, wadda tun da can ba ta cika sakar mini fuska ba, sai bayan ta kalli wasan ta rungume ni. Ina tsoron 'yata, wadda ubanta ne hasken idonta.

Akwai kuma wani tsoron da nake jin kunyar faɗa. Duk ranar Asabar a tsakar gidana suke gwaji. Ranar ce kawai gidan ke da hayaniya. Tun ranar Alhamis nake fara share-share. In suka ji na yi musu ƙarya suka daina zuwa, in Tsuntsuwa ta daina ce mini Mama, ban san me zan yi da Asabar ba.

Ki gaya mini, in faɗa ko in yi shiru? Ko in ce ba ni da lafiya ranar taron? Kuma don girman Allah kada ki lallashe ni, ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci: ni na kashe shi?

Taki,
Mai zama a bencin baya

AMSA

'Yar'uwa, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mijinki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Rubutunki bai karkace ko'ina ba, ban taɓa ko harafi ɗaya ba.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, kuma ba lallashi zan yi ba. Ba ke kika kashe shi ba. Maganarki ta tura shi aiki, ba ta sa kwaɗo a ƙofa ba, ba ta kuma ɗauki makulli ta bi motar kaya ba. A safiyar nan mata nawa ne suka ce wa mazansu su tashi su tafi, wasu ma da maganar da ta fi taki zafi, mazan kuma suka dawo da yamma suka ci abinci? Bambancinki da su shi ne naki mijin ya shiga wurin da in numfashinsa ya tsaya ba hanyar fita. Kuma ki tuna abin da ya sa kika faɗi haka. An yi masa barazanar kora in ya ƙara kwanciya ciwo, tsoron nan yana kanki kamar yadda yake kansa. Kin yi masa magana da gajiya da faɗa, wannan gaskiya ne, kuma zai daɗe yana yi miki ciwo. Amma kaifin baki daban, kisa daban. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana zuba kina cewa uhm ya san muryarki sarai, shi ya sa ya fita yana dariya.

Sai maganar ƙaryar. Ƙarya ce, ba zan canja mata suna ba. Amma na gane inda ta fito, kin faɗi safiyar da kike fatan a ce ita kuka yi. Da a wasan kawai ta tsaya, da na iya cewa ki bar ta, domin wasa ba kotu ba ne, kowa ya san ana ƙari ana ragi. Abu biyu ne suka hana ni faɗar haka.

Na farko takardar lauya. Kada ki sa hannu a kan abin da bai faru ba, ko da layi ɗaya ne. Ki same shi ke kaɗai ki gaya masa yadda aka yi, har da jan kunnen da aka yi wa mijinki sau biyu. Ni ba lauya ba ce, shi ne zai san abin da ya shafi shari'a da abin da bai shafa ba. Amma na san wannan: gaskiyar da lauyanki ya ji daga bakinki da wuri zai iya shirya mata, ƙaryar da ɗaya ɓangaren ya tono ita ce ke rusa magana. Kuma a nawa ganin, cewa ya shiga da ciwo ba ta wanke kowa ba. Mai ciwo ma ai shi ya fi kowa buƙatar ƙofa a buɗe.

Na biyu wasan kansa, kuma a nan ina da magana da Malama. Ta yi aiki mai kyau, makullin da aka rataye a ƙusa shaida ne, kuma ta nemi izininki kafin ta fara, wanda ba kowa ke yi ba. Amma kusan sau sha ɗaya jama'a suna tsayar da wasa a ƙofar gida suna gyara matar, ita kuma matar tana zaune a baya tana kallo, ya kamata a ce ta lura. An shirya wasan ne don a tambayi wanda ya kulle ma'aikata, sai ga shi mutane suna komawa gida da darasin cewa mace ta ɓoye takalmin mijinta. Ba ki lura ba ne, roƙon nan da kika ƙirƙira shi ne ke jan su can. Da zarar an nuna matar ta hango mutuwa ta riƙe hannu, kowa sai ya ga ai saura kaɗan ta yi nasara, bari ya shiga ya ƙarasa mata. Ga shi kuma wuri ne mai sauƙi da ban dariya, ba wanda za a kora daga aiki don ya zauna a bakin ƙofar gida. Safiyarku ta gaskiya ba ta da wannan. Miji da mata ne suna 'yar hayaniyar da kowane gida ke yi, ba wanda ya san ita ce ta ƙarshe. Ina kyautata zaton in aka nuna ta haka, matan da ke kallo kansu za su gani, ba ke ba, kuma tambayar za ta koma inda ya dace. Saboda haka gaskiyarki ba za ta ɓata wahalar yaran nan ba, wataƙila ma ita ce gyaran da wasan yake jira.

Duk da haka ki ji wannan da kyau. Safiyar nan taki ce, ba ta jama'a ba. Gaya wa Malama gaskiya wajibi ne, tun da a kan maganarki ta gina aikinta. Amma ba dole ba ne ki yarda a nuna ta a fili. Kina iya cewa a cire wurin gaba ɗaya, wasa ya fara daga ƙofar masana'anta. Kina iya cewa a sa gaskiyar. Hawa gaban taro ma zaɓinki ne. In ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, kada ki ƙirƙiri ciwo, kin ga inda ƙaramar ƙarya ɗaya ta kai ki. In kuma kin hau, ba sai kin yi maganar gida ba. Ki faɗi wane ne mijinki, da yadda asibiti yake a ƙarshen layi, ya isa.

Kafin lauya, kafin Malama, ki fara da 'yarki. Bai kamata ta ji wannan daga bakin wani ba. In da hali ki je ki same ta, in babu ki kira ta lokacin da kika san tana zaune ba ta cikin aiki. A gidan nan ta tashi, ta sha jin kina ce wa ubanta ya cika miki kunne, ta sha jin dariyarsa a kai. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi na 'yan kwanaki, ki ba ta wannan damar. Yayarsa kuwa, ku yi shawara da 'yarki kan yadda za a gaya mata, amma ta ji kafin wasa ya canja, ba bayan ya canja ba.

Ba zan yi miki alkawarin ba wanda zai yi magana ba. Za a samu mai cewa ashe ita ta tura shi. Tsuntsuwa ma za ta iya jin ciwo, domin da zuciya ɗaya ta riƙa riƙe hannun nan, ki nemi afuwarta ke da ita. Amma yarinyar da ke wanke miki kwanuka ba a sa ta ba, ban yi zaton layi ɗaya na wasa ne ya kawo ta ba. Yanzu dai ba ke take ce wa Mama ba, wata mata ce da kika ƙera. Ki ba ta damar ta san ta gaskiyar.

Game da Asabar, ba abin kunya ba ne. Sai dai ki sani, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, wata rana yaran nan za su gama da wannan labari su ɗauki wani, haka aikinsu yake. Kada sati gaba ɗaya ya rataya a kansu. Ki nemi shagon ɗinki da za ki riƙa zama kwana biyu a sati cikin mata 'yan'uwanki, ko ki ɗauki mai koyo. Ki kuma huta da zuwa kallon wasan, sau sha ɗaya kina kallon rasuwar mijinki ya isa haka. In barci ko cin abinci suna gagararki, ki je asibiti ki faɗa, ana taimaka wa mai irin wannan nauyi.

Sati uku ba yawa, kada ki jira ya ƙare. Ki kira 'yarki a cikin satin nan. Ranar Asabar in sun zo, kafin su fara gwaji, ki ja Malama ɗaki ki gaya mata kamar yadda kika gaya mini, ba ƙari ba ragi. Kin riga kin faɗa sau ɗaya a takarda, na biyun ba zai kai shi wuya ba.

Allah ya yi wa mijinki rahama, ya sa ya huta. Ke kuma Allah ya ba ki ƙarfin faɗa, ya ba su zuciyar ji, ya sanyaya miki rai.